Nau'o'in kaskar da ke addabar shanun makiyaya da cututtukan da suke yaɗawa

Kaska na daga cikin manyan abubuwan da ke rage amfanin shanu a ƙasashe masu zafi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na shanun duniya suna rayuwa ne a wuraren da kaska ke kama su. Wani ƙiyasi da aka buga a shekarar 1997 ya nuna cewa asarar da kaska da cututtukanta ke jawowa a duniya ta kai dala biliyan 14 zuwa 19 a kowace shekara. A yankunan makiyaya na Afirka ta Yamma, inda yawancin shanu ke yawon kiwo a daji, babu garken da ya tsira daga gare ta.

Bahaushe suna ɗaya ya ba su duka, wato kaska, har yana yi mata kirari da "raɓi mai jini". Sai dai waɗanda ke jikin saniya iri-iri ne. Kowace da inda take kamawa, da lokacin da take yawaita, da cutar da take ɗauke da ita. Maganin da ya yi wa wata aiki a watan Yuni yana iya zama asarar kuɗi a kan wata a watan Oktoba. Saboda haka sanin irin kaskar da ke garke shi ne matakin farko na yaƙi da ita.

Yadda kaska ke rayuwa

Masana sun sanya kaska a dangi ɗaya da gizo-gizo da kunama. Akwai kimanin nau'i 900 a duniya, kusan 700 daga ciki masu taurin baya ne, kuma su ne ke damun shanu. Masu laushin jiki sun fi addabar kaji a akurki.

Rayuwar kaska mataki huɗu ce: ƙwai, sai jaririya mai ƙafa shida wadda da ƙyar ido ke ganinta, sai matashiya mai ƙafa takwas, sannan babba. Ba ta wuce wani mataki zuwa na gaba sai ta sha jini ta ƙoshi. Macen da ta cika cikinta takan faɗo ƙasa, ta nemi wuri mai laima a gindin ciyawa, ta zuba dubban ƙwai, sannan ta mutu. Ma'ana, kaskar da ake gani a jikin dabba kaɗan ce daga cikin abin da ke kwance a makiyaya yana jira.

An raba kaska gida uku bisa yawan dabbobin da take hawa kafin ta girma. Akwai wadda ke gama rayuwarta a jikin dabba ɗaya, akwai mai hawa biyu, akwai mai hawa uku, wadda takan sauka ƙasa bayan kowane shan jini ta sake neman wata dabbar. Wannan bambanci yana da tasiri a kan magani, domin wadda ke daɗewa a jikin saniya ta fi haɗuwa da feshi, kuma ita ce ta fi saurin sabawa da shi.

Sai a shekarar 1893 aka tabbatar da cewa kaska na yaɗa cuta, lokacin da wasu masana biyu a Amurka, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka gano ita ke kawo zazzaɓin da ke kashe shanu a jihar Texas. Wannan ne karon farko da kimiyya ta tabbatar cewa ƙwaro mai shan jini na ɗaukar cuta daga wata dabba zuwa wata, shekaru kaɗan kafin a gano alaƙar sauro da zazzaɓin cizon sauro.

Kaska mai ado

Wadda makiyaya suka fi sani, suka kuma fi tsana, ita ce Amblyomma variegatum, wadda Fulani ke kira koti. Babba ce, namijin yana da ado mai ruwan lemo a gadon baya, ƙafafunta kuma suna da zobba farare. Macen idan ta sha jini ta ƙoshi takan kai girman kan babban yatsa, kuma tana iya zuba ƙwai har 20,000. Tana yawaita a wuraren da ke samun isasshen ruwan sama, kamar kudancin Kaduna, Neja, Filato, Taraba, tsaunin Mambila da tudun Adamawa na ƙasar Kamaru.

Mai hawa dabba uku ce, kuma zagayen rayuwarta shekara guda yake ɗauka. Manyan sukan fito da farkon damina, jarirai bayan ɗaukewar ruwa, matasa kuma da sanyin hunturu. Namiji ke fara kamawa, ya fitar da wani wari da ke janyo mata, shi ya sa ake samunsu cunkushe a wuri ɗaya: a hantsa, maraina, hammata, ƙirji da ƙarƙashin wutsiya. Bakinta dogo ne, yana huda fata sosai, ya bar rauni da ƙuraje. Sau da yawa ƙuda kan zuba tsutsa a raunin. Karsanar da ta rasa kan nono ɗaya ko biyu saboda koti ta rage daraja ke nan har ƙarshen rayuwarta, kuma maraƙin da ta haifa ba zai samu isasshen nono ba.

Cututtuka biyu ne manya ke tafe da ita. Na farko shi ne ciwon ruwan zuciya, wanda ƙwayar Ehrlichia ruminantium ke haddasawa, wadda masani Edmund Cowdry ya gano a Afirka ta Kudu a 1925. Dabbar takan yi zazzaɓi mai zafi, ta riƙa ɗaga ƙafa sama idan tana tafiya, tana kewaye wuri ɗaya, tana tauna ba komai a baki, daga nan ta faɗi tana shure-shure. Idan aka feɗe ta akan tarar da ruwa ya taru a jakar zuciya da ƙirji. Tumaki da awaki da shanun da aka kawo daga waje su suka fi mutuwa.

Na biyu shi ne kirci. Ƙwayar Dermatophilus congolensis ce ke kawo shi, amma yawun koti yana raunana garkuwar jikin dabba, sai kircin ya bazu ya yi tsanani da damina. Gashi kan cure ya tashi tsaye, ɓawo ya rufe baya da ƙirji, saniya ta rame, nono ya ƙafe, ƙirgin kuma ya lalace ta yadda majema ba za su saye shi da daraja ba. An lura a wurare da dama cewa garken da aka kare daga koti, kirci kan yi sauƙi a cikinsa.

Wannan kaska ta tsallaka teku tun a ƙarni na 19, lokacin da aka kai shanu daga Senegal zuwa tsibirin Guadeloupe da ke yankin Karibiyan. Har yau mutanen can suna kiranta kaskar Senegal, kuma ana danganta bazuwarta zuwa sauran tsibirai da balbela, wadda ke ɗaukar ƙananan a jikinta.

Shuɗiyar kaska

Ƙananan kaska masu ruwan toka-toka da shuɗi-shuɗi, waɗanda ake gani birjik a wuya, kafaɗa da fatar da ke reto ƙarƙashin wuyan sa, su ne dangin Boophilus, da masana suka mayar cikin Rhipicephalus. Nau'i uku aka daɗe da sani a Afirka ta Yamma: decoloratus, annulatus da geigyi. Dabba ɗaya suke hawa, su yi kimanin mako uku a jikinta daga jarirantaka zuwa girma, kuma suna iya hayayyafa sau da yawa a shekara guda.

Wani bincike da aka gudanar a watan Oktoban 2010 a ƙauyuka tara na jihar Filato ya tattara kaska 5,011 daga jikin shanu 228. An samu nau'i 11, kuma decoloratus kaɗai ta kai kusan kashi 41 cikin 100. Binciken ya kuma bayyana wata al'ada da ke da muhimmanci: makiyaya sukan cire koti da hannu sau biyu ko uku a mako, su bar ƙananan, waɗanda suke kira miri, domin suna ganin ba su da wata illa.

Alhali ƙananan nan su ke yaɗa cututtukan jini. Ɗaya shi ne ciwon jan fitsari, wanda ƙwayar Babesia ke kawowa. Tana shiga ƙwayoyin jini ta farfasa su, dabba ta yi zazzaɓi, idanu da dasashi su yi fari ko rawaya, fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi. Ƙwayar cutar tana ratsawa daga uwar kaska zuwa ƙwanta, don haka jaririyar da ba ta taɓa shan jini ba tana iya zuwa da ita. Ɗayan kuma Anaplasma marginale ce, wadda Arnold Theiler ya bayyana a 1910. Ita ma tana ƙarar da jini ta kawo shawara da taurin kashi da kumburin madaciya, sai dai fitsari ba ya sauya launi. Ban da kaska, tana iya yaɗuwa ta allura ɗaya da aka yi wa shanu da yawa ba tare da an tafasa ta ba.

Baƙuwar da ta shigo daga ƙetare

Babban sauyin da aka samu a 'yan shekarun nan shi ne shigowar Rhipicephalus microplus, shuɗiyar kaska ta nahiyar Asiya, wadda ake ɗauka a matsayin mafi jawo asara ga masu shanu a duniya. An fara ba da rahoton ganinta a Afirka ta Yamma a 2007 a kudancin Kwaddibuwa, kuma an danganta zuwanta da shanun madara da aka sayo daga Brazil. Haka ta shiga Jamhuriyar Benin ta cikin shanun da aka kawo wata gonar gwamnati. Cikin shekaru kaɗan aka same ta a Mali, Burkina Faso da Togo. Binciken Filato na 2010 bai same ta ba, amma a 2017 aka buga sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta da ya tabbatar tana Najeriya, sannan aka tabbatar da ita a Kamaru.

Da ido ba a iya bambanta ta da ta gida, sai da madubin likita. Abubuwa uku suka sa take da haɗari. Ta fi ta gida yawan ƙwai da saurin hayayyafa, ta yadda duk inda ta sauka takan danne ta gida ta maye gurbinta. Tana yaɗa Babesia bovis, wadda ta fi sauran tsanani domin tana taɓa ƙwaƙwalwa ta kashe saniya cikin 'yan kwanaki. Sannan ta zo da juriyar magunguna da ta samo a ƙasashen da aka shafe shekaru ana yi mata feshi. Tana son laima, don haka ta fi ƙarfi a kudu da tsakiyar ƙasa, wato wuraren da makiyaya ke kai shanunsu cin rani, sannan su komo arewa da ita a jikin dabbobi idan damina ta faɗi.

Kaska mai zanen ƙafa

Idan aka nausa arewa zuwa yankin Sahel, kamar arewacin Borno, Yobe, Sakkwato da jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa a Jamhuriyar Nijar, dangin Hyalomma ne suka fi yawa, domin sun fi kowa jure zafi da fari. Manya ne masu duhun jiki, da dogayen ƙafafu masu zobba. Ba sa tsayawa jiran dabba a kan ciyawa, da gudu suke bin ta a ƙasa. Waɗanda aka fi samu a jikin shanu su ne truncatum, rufipes da impeltatum, sai dromedarii ta raƙuma wadda kan hau shanu a wuraren da ake kiwonsu tare. Manyan sukan kama dubura, hantsa, ƙarshen wutsiya da tsakanin kofato, inda suke sa ɗingishi. Ƙananan kuma sun fi hawa zomo, bushiya da tsuntsaye masu kiwo a ƙasa, shi ya sa feshin shanu kaɗai ba ya ƙarar da su.

A Sudan da arewacin Afirka wani nau'insu yana yaɗa ƙwayar Theileria annulata, wadda ke kashe shanun madara na waje. Amma babban abin tsoro game da Hyalomma ya shafi ɗan Adam ne. Ita ce ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda aka fara gani a Kirimiya a 1944, aka sake samunsa a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Saniyar da ke ɗauke da ƙwayar ba ta nuna alamar ciwo. Mutum kan kamu ta cizon kaska, ko murtsuke ta da yatsa, ko taɓa jinin dabba lokacin yanka. Tun a 1966 aka samu ƙwayar a jikin kaskar da aka tattara a Sakkwato, kuma cutar ta ɓarke a birnin Nuwakshot na Muritaniya a 2003 da yankin Kordofan na Sudan a 2008. Makiyaya, mahauta da ma'aikatan lafiyar dabbobi su suka fi shiga haɗari.

Sauran dangin Rhipicephalus

Akwai wasu kaska matsakaita masu ruwan ƙasa da ke kama kunne da wutsiya, irin su guilhoni, lunulatus da evertsi mai jajayen ƙafafu. Ɓarnarsu ba ta kai ta waɗanda aka ambata ba a wannan yanki. Sai dai 'yar uwarsu appendiculatus, kaskar kunne ta gabashi da kudancin Afirka, ita ke yaɗa zazzaɓin gaɓar gabas, wanda aka ƙiyasta yana kashe shanu kusan miliyan ɗaya a shekara a ƙasashe irin su Kenya, Tanzaniya da Yuganda. Cutar ba ta Afirka ta Yamma, kuma wannan dalili ne na sa ido sosai a kan shanun da ake shigowa da su daga can.

Abin da ya sa shanun gida ke jurewa

Duk da yawan kaska, shanu masu tozo irin su bunaji, rahaji da bokoloji ba su cika mutuwa da cututtukanta ba. Fatarsu da garkuwar jikinsu sukan hana kaska da yawa ƙoshi. Bayan haka, maraƙi yana da wata kariya a watannin farko na rayuwarsa. Idan kaska ta cije shi a wannan lokaci, cutar kan zo masa da sauƙi, ya samu rigakafin da zai daɗe tare da shi. Garken da yawancin maruƙansa suka bi ta wannan hanya yakan zauna lafiya da cutar.

Wannan daidaito yana rushewa ta hanyoyi uku. Idan aka kawo shanun Turai ko 'ya'yan barbara da su, waɗanda ba su da juriya. Idan aka kai garke daga busasshiyar ƙasa zuwa mai laima inda zai haɗu da cutar da bai saba da ita ba, kamar yadda ya faru da makiyayan da fari ya tura kudu a shekarun 1970 da 1980. Ko kuma idan aka yi ta feshi har maruƙa suka girma ba su taɓa haɗuwa da kaska ba, sannan magani ya yanke. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa ga shanun gida abin nema shi ne rage kaska zuwa adadin da ba zai cutar ba. Shanun madara na waje ne ke buƙatar kariya a duk tsawon shekara.

Hanyoyin yaƙi da ita

Cirewa da hannu ita ce hanyar da aka gada, kuma tana rage koti sosai a ƙaramin garke. Illarta ita ce bakin kaskar kan karye a cikin fata ya zama ƙurji, kuma mai cirewa yana taɓa jini. Ya kamata a sa safar hannu ko a yi amfani da hantsaki, a jefa abin da aka cire a wuta. Kajin da ke yawo a ruga suna cin kaska da yawa. Carki ma yana ci, ko da yake yakan tone gyambo ya hana shi warkewa. Shafa baƙin mai ko kananzir yana ƙona fata, maganin feshin gona kuma yana iya kashe dabbar, ya kuma bar guba a nono da nama.

Magungunan zamani sun kasu aji-aji. Akwai amitiraz da ake damawa da ruwa a fesa, akwai ajin saifametirin da deltametirin da fulumetirin, wanda wasunsu ake tsiyayawa a gadon baya, sai aibamektin ta allura wadda ta fi tasiri a kan shuɗiyar kaska. Kurakuran da suka fi yawa su ne tsarma magani fiye da ƙima don ya isa garke, fesa baya kawai a bar hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya, da sayen jabu a kasuwa. Duk waɗannan suna koya wa kaska juriya. Sauya sunan kamfani ba ya nufin an sauya magani, domin kwalabe da yawa masu suna daban sinadari ɗaya ne a cikinsu. A Yuganda an kai ga samun kaskar da ta daina jin magunguna aji biyu ko fiye a gonakin madara. Wajibi ne kuma a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sha nono ko a yanka dabba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ga koti, makonnin farko na damina ne ya kamata a mayar da hankali a kai, lokacin da manyan ke fitowa. Masu bincike a cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso sun gano cewa koti takan fara maƙalewa tsakanin kofato yayin kiwo, sai dare ya yi saniya ta kwanta sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan suka ƙirƙiro kwarmin wanka na ƙafa, wanda shanu ke ratsawa da yamma idan sun dawo daga kiwo. Yana cin magani kaɗan, yana sauri, kuma makiyaya da yawa za su iya haɗa kuɗi su gina guda ɗaya.

Idan cuta ta riga ta kama, saurin kai wa likita shi ne ke ceton dabba. Ana maganin jan fitsari da diminazin, wanda makiyaya suka sani da sunan Berenil suna kuma amfani da shi ga sammore, ko da imidokab. Oksitetirasaikilin kuma yana aiki a kan ciwon ruwan zuciya, Anaplasma da kirci, muddin an yi shi da wuri. Da yake alamomin cututtukan suna kama da na sammore da na hanta, gwajin jini ya fi hasashe. An kuma samar da allurar rigakafin microplus a Ostareliya da Kuba tun a shekarun 1990, wadda ke rage hayayyafarta.

Aikin da ke gaban hukumomi

Kaska ba ta san iyakar ƙasa ba. Shanu suna ratsa burtali daga Nijar, Chadi da Kamaru, suna haɗuwa a manyan kasuwanni irin su Maigatari, Illela, Potiskum da Mubi, daga nan a loda su a mota zuwa kudu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya ta tanadi takardar shaidar lafiyar garke da kuma dubawa a mashigin iyaka, kuma aiwatar da ita yadda ya kamata zai rage yaɗuwar baƙuwar kaska. Haka nan duk dabbar da aka sayo, daga kasuwa ko daga wata ƙasa, ya kamata a ware ta a yi mata magani kafin ta shiga garke, domin ta wannan ƙofa microplus ta shigo yankin.

Najeriya tana da cibiyoyin da za su iya aikin. Akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika a Zariya, da tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'i, sai kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024. Abubuwan da ake buƙata daga gare su sun haɗa da taswirar inda microplus ta kai, gwajin magungunan da ke kasuwa don sanin waɗanda har yanzu suke aiki, da tura malaman dabbobi zuwa rugage kafin faɗuwar damina, ɗauke da bayani cikin Hausa da Fulatanci. Wannan ya ƙara zama dole a yanzu da gwamnatoci da 'yan kasuwa ke ƙarfafa kiwon shanun madara na waje, waɗanda su ne kaska ke fara kayarwa.